Kana son karanta soshiyoloji a ƙasar waje? Ga yadda zaka bi abun tun daga zaɓen sashe har tesis

Lokacin da aka yi mun intabiyu ta bidiyo kafin a ba ni gurbin mastas na zauna na haddace komai, tarihin jami'ar, sunayen kwasa-kwasan, har dalilin da yasa nake son ƙasar tasu duk na tsara a takarda. Farfesar da ta yi mun intabiyun ko ɗaya bata taɓo ba. Ta gyara zaman gilashinta ta ce in faɗa mata abu guda a zaman mutane da yake ci mun tuwo a ƙwarya, sannan in faɗa mata wa zan tambaya ko me zan ƙirga in har da gaske ina son amsa. Na yi shiru na ɗan lokaci. Allah ya taimake ni akwai abun da ya daɗe yana damuna, wato me yasa mutum biyu zasu gama makaranta ɗaya da sakamako iri ɗaya amma ɗaya ya samu aiki cikin wata uku, ɗayan kuma ya shekara huɗu yana yawo da takardu. Ina faɗa ta ɗauki biro ta ce toh, yanzu muka fara magana.

Shi yasa duk wanda ya tuntuɓe ni kan karatun soshiyoloji a waje, ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa, bana fara masa da zancen ƙasa ko biza. Ka samo tambayarka tukuna. Ita ce zata zaɓa maka sashe, ita zata rubuta maka wasiƙar neman gurbi, kuma ita zata riƙe ka ranar da sanyi da kaɗaici da karatu suka haɗu maka. Ba sai ta zama cikakkiya ba, tana iya canzawa sau uku kafin ka gama, amma dai a ce akwai ta.

Kuma ka tabbata soshiyolojin kake so ba maƙwabcinsa ba, dan mutane da yawa suna haɗa shi da aikin walwalar jama'a. Mai aikin walwala ana horar da shi ne ya taimaki mutum ko iyali da suke cikin matsala, kuma a ƙasashe da yawa sai da lasisi yake aiki. Shi kuwa soshiyoloji bincike ne, yana tambayar me yasa matsalar take faɗa wa wasu rukunin mutane fiye da wasu. Misalin da kusan kowane sashe a duniya yake fara koyarwa da shi shi ne binciken Emile Durkheim na 1897 kan kashe kai. Abun da kowa yake ɗauka sirrin zuciyar mutum ɗaya ne, sai ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai ya nuna cewa marasa aure sun fi masu aure aikata shi, kuma ya fi yawa a yankunan 'yan Furotesta a kan na 'yan Katolika, ya ce ashe ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa yana da hannu a ciki. In irin wannan tunanin yana burge ka toh ka zo gida. Sunan fannin Auguste Comte ne ya ƙirƙire shi a Faransa a shekarun 1830, amma tun 1377 Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima yana bayanin asabiyya, yadda haɗin kan ƙungiya yake kafa daula kuma yadda jin daɗi yake sassauta shi har daular ta faɗi. Ka riƙe wannan sunan, zaka buƙace shi a aji.

Yanzu zaɓen wuri, kuma nan ne nake son ka fi ɓata lokaci. Soshiyoloji ba kamar lissafi ba ne da za a ce abun da ake koyarwa a nan shi ake koyarwa a can. Sashe biyu zasu iya ba da digiri mai suna ɗaya amma ɗaliban su fito kamar ba fanni ɗaya suka karanta ba. Akwai wuraren da ƙididdiga ce jininsu, irin su Mannheim a Jamus ko Utrecht a Holan, inda zaka wuni gaban kwamfuta kana sarrafa bayanan dubban mutane. Akwai waɗanda suka yi suna a nazariyya, kamar Frankfurt da cibiyarta ta binciken zamantakewa da aka kafa a 1923, ko Bielefeld inda Niklas Luhmann ya koyar kuma soshiyoloji yake da tsangaya guda tasa. Akwai gadon Chicago, inda aka buɗe sashen tun 1892, kuma a shekarun 1920 su Robert Park suka riƙa tura ɗalibai cikin unguwanni su zauna da mutane su gani da idonsu. Faransa har gobe inuwar Pierre Bourdieu tana kan azuzuwa da yawa, maganar aji da gadon ilimi da yadda makaranta take maimaita bambancin da yara suka zo da shi daga gida. A Indiya kuma Delhi tana da tsohon sashe da M. N. Srinivas ya kafa a 1959, in abun da ya dame ka ƙauye ne da matakan jama'a da sauyin zamani.

Toh ya zaka gane wanne ne naka? Ka manta da jadawalin nan na jami'o'in da suka fi kowa a duniya, shi yana auna jami'a ne gaba ɗayanta har da likitanci da injiniya, kai kuma a hawa ɗaya na gini ɗaya zaka zauna da malamai ashirin ko talatin. Ka shiga shafin sashen kansa ka buɗe jerin kwasa-kwasai, ka ƙirga nawa ne dole nawa ne zaɓi, kuma cikin na dolen nawa ne na dabarun bincike. Daga nan ka shiga jerin malamai ɗaya bayan ɗaya ka duba me suka wallafa a shekara biyar ɗin nan, ba abun da suka rubuta tun suna samari ba. In ka samu aƙalla mutum biyu da aikinsu ya taɓa tambayarka ka sa wurin a lissafi. Na ce biyu ne saboda malami yana tafiya hutun bincike, yana canza jami'a, yana ritaya, in mutum ɗaya ka biyo ka iso ka tarar baya nan ka shiga uku. Abu na ƙarshe da mutane basu cika yi ba, yawancin jami'o'i suna ajiye tesis ɗin tsofaffin ɗalibai a rumbun laburare na intanet, ka sauke guda biyar ka karanta gabatarwa da babin dabarun bincike kawai, wallahi zasu faɗa maka gaskiyar sashen fiye da duk wata ƙasidar talla.

Tsarin shekaru ma ya bambanta kuma yana shafar aljihu da zurfin abun da zaka koya. A Ingila digirin farko shekara 3 ne, a Sikotland 4, mastas kuma yawanci shekara 1 cur, gudu ake yi tun daga makon farko har ka miƙa tesis a ƙarshen bazara. A Amurka digirin farko shekara 4 ne kuma ba lallai ka shiga a matsayin ɗan soshiyoloji ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu kake tsayar da fanni, sannan dokta a can ana iya shigarta kai tsaye daga digirin farko, tana cin shekara 5 zuwa 7 kuma manyan sassa suna ɗaukar nauyin waɗanda suka zaɓa. Yawancin ƙasashen Turai tun yarjejeniyar Bologna ta 1999 suna bin tsarin shekara 3 sannan 2, ana auna karatu da kiredit ɗin ECTS, 60 a shekara, kowane ɗaya yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30. Ni a ganina in dabarun bincikenka basu yi ƙarfi ba mastas ɗin shekara 2 ya fi maka, dan a shekara ɗaya kafin ka gama gane yadda ake rubutu a wurin an ce kawo taken tesis.

Wannan kiredit ɗin kar ka raina shi. Sassa da yawa a Jamus da Holan basu tsaya kan cewa kana da digiri mai kyau ba, zama suke yi da tiranskirif ɗinka suna ƙirga kwas nawa ka yi na ƙididdiga da dabarun bincike da nazariyya, in basu kai adadin da suka sa ba a ƙi ka ko da makinka ya kai ina. A Holan wani lokacin sai su ce ka yi share fage na wata shida ko shekara kafin mastas ɗin. Dan haka tun yanzu ka nemi tsohuwar makarantarka ta ba ka bayanin abun da kowane kwas ya ƙunsa a rubuce da hatimi, saboda sunan kwas kaɗai baya gamsar da su. Masu neman Amurka da Kanada kuma sau da yawa sai an tantance musu takardu ta hukuma irin WES, a Jamus jami'o'i da yawa ta uni-assist ake bi. Duk waɗannan suna cin makonni, ba abun da ake farawa ana saura kwana goma a rufe ba ne.

Maganar harshe zan ɗan tsaya a kanta dan a wannan fannin harshe shi ne kayan aiki. Ɗalibin kimiyyar sinadarai yana iya lallaɓawa da Turanci mai rauni saboda alamomin lissafi suna taimakonsa, kai kuwa ba ka da abun da zaka ɓuya a bayansa, karatu ne da muhawara da rubutu. Yawancin wurare suna neman maki 6.5 a jarabawar Turanci ta IELTS, wasu 7, kuma sakamakon shekara 2 yake yi ya mutu, sannan ka duba ko sun sa ƙa'ida ta daban a ɓangaren rubutu dan nan ne mutane suke faɗuwa. Digirin farko a Jamus galibi da Jamusanci ne, sai ka kawo sakamakon jarabawar Jamusanci ta TestDaF ko DSH, a Faransa kuma ana neman Faransancinka ya kai matakin B2 ko sama. Amma ko kwas ɗinka da Turanci ne gaba ɗaya ka fara koyon harshen ƙasar tun kana gida, saboda kai mutane ka zo karanta, kuma mutanen ba da Turanci suke faɗa a tashar bas ko su yi gulma a wajen aiki ba.

Wasiƙar neman gurbi kuwa, dan Allah kar ka buɗe ta da cewa tun kana yaro kake sha'awar al'umma, masu karantawa sun ga wannan layin sau dubu. Ka buɗe da tambayarka da inda ka ci karo da ita. Ka faɗi abun da ka riga ka yi a kai ko da ƙarami ne, furojet ɗin ƙarshen digiri, ko raba takardun tambaya da ka taya wata ƙungiya, ko hira da mutum takwas da ka yi da kanka. Sannan ka faɗi abun da ka kasa yi saboda baka da ilimin, ka nuna wane kwas ne a sashen nasu zai cike maka wannan giɓin, ka ambaci malamin da aikinsa ya haɗu da naka ka faɗi ta ina suka haɗu. Shi kenan. In kana iya cire sunan jami'ar ka sa wata ba tare da wasiƙar ta lalace ba toh bata yi ba, ka sake. Masu neman digirin farko a Birtaniya ta shafin neman gurbi na UCAS suke bi, zaɓi 5 ne, kuma bayanin kai ɗaya ne yake zuwa wa duka, nan kam kar ka ambaci sunan jami'a ko ɗaya. Masu rubuta maka shaida kuma ka zaɓi malamin da ya taɓa karanta rubutunka ya yi maka jan biro, ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba, ka ba shi wata guda aƙalla, ka tura masa wasiƙarka da takardunka dan ya san me zai ce.

Ka fara duk wannan shekara guda cif kafin watan da kake son tafiya. Oxford da Cambridge suna rufe digirin farko tsakiyar Oktoba, dokta a Amurka yawanci Disamba, Suwidin tsakiyar Janairu, kuma kusan kullum ƙofar tallafi tana rufewa kafin ƙofar gurbi.

Kuɗi. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce tallafin soshiyoloji bai kai na kimiyya da fasaha yawa ba, kuma a matakin digirin farko ya fi ƙaranci, sai a mastas da dokta hanya take ɗan buɗewa. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar mastas ɗin shekara ɗaya amma yana son ka yi aikin shekara 2 kafin ka nema, kuma da sharaɗin ka koma ƙasarka na shekara 2 bayan ka gama. Akwai Fulbright na Amurka, DAAD na Jamus, Stipendium Hungaricum na Hungari, da na gwamnatin Turkiyya wanda yake haɗawa da shekara guda ta koyon Turkanci. Erasmus Mundus, shirin mastas na Tarayyar Turai, yana da daɗi ga ɗan soshiyoloji musamman, tunda dole ka yi karatu a ƙasa biyu ko fiye, kaga kwatanta al'umma da al'umma ya zo maka har gida. Ka nemi tallafin da sashen kansa yake bayarwa ma, su ne mutane suka fi mantawa da su. Sannan a kula da tsohon labarin nan na cewa karatu kyauta ne a Turai, Suwidin ta fara karɓar kuɗin makaranta daga 'yan wajen Turai tun 2011, Finlan 2017, Norwe 2023, a Jamus yawancin jami'o'in gwamnati har yanzu basa karɓa sai ɗan kuɗin samista amma jihar Baden-Württemberg tana karɓa tun 2017. Kuma ko ina ne haya da inshorar lafiya suna nan suna jiranka.

Kar ka gina lissafinka a kan cewa zaka yi aiki ka biya komai. Birtaniya awa 20 a mako take yarda lokacin karatu, Amurka ma awa 20 kuma a cikin makaranta kawai a farko, Faransa awa 964 a shekara, Jamus cikakkun kwana 140. Abun da zaka samu na kashewa ne, ba na kuɗin makaranta ba. Biza kuwa takarda ce ke bin takarda, makaranta ta ba ka takardar tabbatar da gurbi, CAS in Birtaniya ce ko I-20 in Amurka ce, ka nuna shaidar kuɗi, a Birtaniya sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu, a Jamus a rufaffen asusu ake zubawa. Dokokin nan suna canzawa kusan duk shekara, ka karanta su a shafin gwamnatin ƙasar da kanka, ba a bakin dillali ba.

Toh ka isa. Abun da zai fara ba ka mamaki shi ne samina. Lakca ka santa, malami yana magana kana rubutu. Samina kuwa ku goma sha biyu ne ko sha biyar a zagaye da tebur, an ba ku shafi sittin ko tamanin tun makon jiya, malama ta shigo ta ajiye kofinta ta ce toh me kuka gani, ta yi shiru tana jira. A makon farko na ga yarinya 'yar shekara ashirin da biyu ta ce ita bata yarda da Max Weber, ɗaya daga iyayen fannin, ba a wata gaɓa, malamar kuma maimakon ta tsawatar sai ta ce bayyana mana. A wasu kwasa-kwasan ma maganar da kake yi a aji tana da maki. Dabarar da ta cece ni ita ce bana shiga aji sai da abu uku a rubuce a gefen takarda, me marubucin yake son ya tabbatar a jimla ɗaya, da wace hujja, sannan ina ne maganarsa bata hau kan al'ummar da na sani ba. Na ukun nan shi ne zinariyarka. Yawancin nazariyyoyin da ake koyarwa an gina su ne a kan Turai da Amurka na zamanin masana'antu, in ka ce wannan bayanin na iyali ko na addini ko na aiki bai yi daidai da inda na fito ba, ga dalili, ajin gaba ɗaya yana juyowa. Sai dai ka kawo shi a matsayin hujja ba a matsayin kare kai ba, kuma kar ka yarda a mayar da kai kakakin nahiya guda, ka ce abun da na gani kenan a wuri kaza, ban san na sauran ba.

Karatun nazariyya da wuya, kowa yana shan wuyarsa har 'yan ƙasar. Kar ka fara daga shafi na ɗaya kana duba kowace kalma a ƙamus, zaka kwana a shafi na huɗu. Karanta gabatarwa da kammalawa tukuna, ka bi kanun sassa, sannan ka dawo ka karanta tsakiya a hankali. Ka samu mutum biyu ko uku ku riƙa haɗuwa awa ɗaya kafin aji kowa ya faɗi abun da ya fahimta da bakinsa.

Akwai wani giɓi da ba wanda zai gaya maka. Malamai suna ba da misali da abun da kowa a ajin ya tashi a ciki, sunan jam'iyya, wata unguwa da kowa ya san ta talakawa ce, irin makarantar da 'ya'yan masu kuɗi suke zuwa, wani yajin aiki da aka yi shekara arba'in baya, kowa ya gyaɗa kai kai kuma kana zaune baka san inda aka dosa ba. Maganinsa ka riƙa karanta jaridar ƙasar kullum ko minti goma sha biyar ne, ka nemi ƙaramin littafin tarihinta na bayan 1945, kuma ka tambaya ba kunya. Amma wannan baƙuncin naka shi kansa kayan aiki ne. Georg Simmel ya yi ɗan gajeren rubutu a 1908 kan baƙo, ba matafiyin da ya zo yau ya wuce gobe ba, wanda ya zo yau kuma gobe yana nan, yana cikin jama'a amma bai gama zama nasu ba, dan haka yana ganin abun da su suka daina gani. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk abun da ya ba ka mamaki a wata ukun farko, wa yake zama kusa da wa a jirgin ƙasa, su waye suke share ginin da asuba kuma su waye suke koyarwa a cikinsa da rana, tazarar da mutane suke bari tsakaninsu a layi. Ka sa kwanan wata da wuri. Bayan wata shida idonka zai saba ka daina gani, littafin ne kawai zai tuna maka, ni daga irin wannan rubutun na samo babi guda na tesis ɗina.

Rubutu kuma a kiyaye. Ba a son ka juye abun da littafi ya ce, ana son ka ɗauki matsaya tun a sakin layi na farko ka kare ta. Duk ra'ayin da ba naka ba ka faɗi mai shi ko da ka sauya kalmomin, dan satar rubutu tana iya jawo kora, kuma wurare da yawa suna bi da aikinka ta manhajar gano satar rubutu ta Turnitin, sannan kowane kwas yana da dokarsa kan amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ka karanta ta kafin ka taɓa su. Ka sauke Zotero tun makon farko, kyauta ne, yana tara maka madogara. Maki ma kar ya tsorata ka kafin ka fahimci ma'auninsu, a Birtaniya 70 babban maki ne, a Jamus 1.0 ne ƙololuwa 4.0 kuma tsallakewa da ƙyar, a Faransa bisa 20 ake yi kuma 14 abun a yi maka barka ne. In an dawo maka da aiki ka ɗauke shi ka je ofishin malamin a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai, an ware shi ne dominka, ba roƙo ka je ba.

Yanzu abun da na fi so ka ji. Da yawanmu mun gudo soshiyoloji ne dan bama son lissafi, sai mu riƙa zagaye kwas ɗin ƙididdiga. Kar ka yi haka, ɗan'uwa. Dabarun bincike su ne abun da zaka fito da shi a hannu wanda wani zai biya ka dominsa, kuma su ne abun da ya fi wuyar koya kai kaɗai. Ka koyi R, manhajar sarrafa alƙaluma, kyauta ne kuma zai bi ka duk inda ka je ko lasisin makaranta ya ƙare, Stata da SPSS ma suna da amfani in su sashen yake koyarwa. A ɗaya ɓangaren ka koyi yin intabiyu mai zurfi, yadda ake tambaya ba tare da ka sa wa mutum amsa a baki ba, yadda ake jure shiru har ya ƙarasa, da yadda ake rarraba hirarrakin da manhajar NVivo ko MAXQDA. Bayanai na gwaji suna nan zube a intanet, World Values Survey tun 1981 ake tattara shi, Afrobarometer tun 1999, European Social Survey tun 2002, ka sauke ɗaya ka gwada tambayarka a kai tun samistar farko.

Tesis kuma ka rage shi, ka sake rage shi. Rashin aikin yi tsakanin matasa ba take ba ne, teku ne. Yadda mutum ashirin da suka gama kwas ɗaya a shekara ɗaya suka samu aikinsu na farko, wannan ana iya gamawa a wata huɗu. Sannan duk binciken da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin ka yi hira ko ɗaya, zasu tambaye ka takardar yardar mahalarta, yadda zaka ɓoye sunayensu, da inda zaka ajiye muryoyin, a Turai dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ta ƙara tsaurara wannan. Ni fom ɗina ya yi sati bakwai a wani ofis, aka dawo mun da shi dan ban faɗi yaushe zan goge rikodin ba, sati bakwai cikin wata huɗun da nake da su. Ka cike naka da wuri, ka nuna wa sufabaiza kafin ka tura. In a ƙasarka zaka yi aikin fili ka tambaya ko can ma ana buƙatar izini, kuma ka tabbatar bizarka ta yarda da tsawon fitar.

Tambayar da na kai wa farfesar nan ashe wani masanin soshiyoloji, Mark Granovetter, ya taɓa ta tun 1973, ya gano cewa mutane sun fi jin labarin aiki daga sanayya ta nesa a kan aminai na kusa, saboda aminanka abun da ka sani shi suka sani, na nesan ne yake yawo a inda baka zuwa. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Ba laifi ka nemi 'yan ƙasarku, zasu ɗebe maka kewa kuma su nuna maka gari, amma kar ka tsaya nan. Ka je taron gabatar da bincike da sashe yake yi duk mako ko ba dole ba ne, ka gaisa da 'yan dokta, ka tambayi malamai ko suna neman mataimakin bincike ko na shigar da bayanai ne, dan ba kasafai zaka ga tallan aiki an rubuta ana neman masanin soshiyoloji ba, abun da zaka gani shi ne mai nazarin bayanai, jami'in sa ido da tantance ayyuka a ƙungiyoyin raya ƙasa, mai binciken manufofi, mai binciken kasuwa ko na masu amfani da manhaja, ma'aikacin hukumar ƙididdiga. In kana son ɗan zama bayan karatu, Jamus tana ba da wata 18 na neman aiki, Holan shekara guda, Amurka wata 12 na izinin aiki da ake kira OPT. Kafin ka miƙa katin makaranta ka kwashe kwafin duk bayanin kwasa-kwasanka, ka karɓi tiranskirif fiye da ɗaya, ka mayar da fayilolinka daga asusun makaranta zuwa naka kafin su rufe shi, sannan ka roƙi sufabaizanka ya rubuta maka shaida tun aikinka yana sabo a kansa.